Zare: Kafin ki jiƙa kostik soda a gidan da akwai yara

1/
Duk wanda ya karɓi kuɗin mutane ya koya musu haɗa sabulu, amma bai ware ko rabin awa ya yi musu bayanin haɗarin kostik soda ba, to bai koyar da sana'a ba. Rabi ya koyar, kuma rabin da ya bari shi ne mai iya makantar da mutum. Ra'ayina ke nan. Ku biyo ni a hankali 🧵

2/
Yanzu ko'ina ka leƙa aji ne: a WhatsApp, a TikTok, a taron tallafa wa mata da matasa. Sabulun wanka, na gyaran fata, na kurkum, na karas, na zuma. Wallahi abin yana burge ni, ina son ganin 'yan mata suna neman na kansu. Abin da ba na so shi ne wasan da ake yi da sinadarin da sana'ar ta dogara a kansa.

3/
Ku kalli bidiyoyin da kyau. Hannu ba safa, ido ba tabarau, ƙafa da silifas, mayafi yana lilo a saman bokiti. Wata ma da goyo a bayanta take juyawa. Sai ka duba ƙasa ka ga "Masha Allah Hajiya, nawa ne kuɗin aji?" Ba mai tambayar mene ne a cikin bokitin nan.

4/
To ga abin da ke ciki. A jikin buhu ko kwali sunanta Sodium Hydroxide. A kasuwa kuwa kostik soda, ko soda kawai. Fara ce tas. Wata falle-falle take zuwa, wata ƙwaya-ƙwaya kamar sukari. In ta narke ta huce, ruwan garau yake komawa, ba launi ba wari. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5/
Kada suna ya ruɗe ku. Bekin soda da ake sa wa a kek daban, soda ash daban, kanwa daban, kostik soda daban. Ta farko ana ci, ta ƙarshe ita ce ake zubawa a bututun ban-ɗaki in ya toshe, don ta narkar da gashi da maiƙo. Ku tsaya ku yi tunanin wannan: gashi da maiƙo. Jikin mutum fa?

6/
Ba cewa nake a guje ta ba. Ba a samun sabulu na gaskiya sai mai ya haɗu da sinadari irinta. Soda tana shiga cikin mai ta farfasa shi, su biyun su rikiɗe su zama sabulu da gilisarin. In an auna daidai, ba sauran soda a sabulun da ya nuna. Duk ta ƙare a cikin aikin.

7/
Shi ya sa tallar nan ta "sabuluna na gargajiya ne zalla, babu kemikal ko ɗigo" take ba ni haushi. In daga mai kika fara haɗa shi, akwai kemikal, 'yar uwa. Kuma wannan ƙaryar ba kwastoma kaɗai take cuta ba. Wadda ta saba cewa babu kemikal a kayanta, a hankali ita ma sai ta daina jin tsoronsa.

8/
Har sabulun salo da muke alfahari da shi, da ruwan toka ake yin sa. Ana ƙona abu a tace tokar, ruwan da ya fito ɗan uwan soda ne, aikinsu ɗaya a kan mai. Bambancin kawai, ta kamfani tatacciya ce, ƙarfinta ya ninka na ruwan toka nesa ba kusa ba.

9/
Wata za ta juya kwalbar man shafawarta ta ga Sodium Hydroxide a jerin kayan haɗi ta firgita. Kwantar da hankalinki. Kamfanoni suna sa ɗan mitsitsi ne don daidaita tsamin man, kuma ya riga ya gama aikinsa kafin ya iso hannunki. Maganata a kan ɗanyar soda ce, ta cikin leda da ta cikin bokiti.

10/
Akwai ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa mai tsabta yana kan 7. Fatar mutum wajen 5 zuwa 5.5. Sabulun da ya nuna 9 zuwa 10. Ruwan soda na haɗa sabulu yana can ƙarshe, 13 zuwa 14. Kuma kowane hawa ɗaya ninki 10 ne. Daga 10 zuwa 14 ke nan ninki 10,000.

11/
Kowa a nan yana tsoron asid, saboda mun sha jin labarin watsa wa mutane. Amma likitoci sun san ƙunar soda ta fi nitsewa. Asid yana ƙona sama ya daskarar da naman wajen, wannan ɓawon sai ya ɗan rage masa shiga. Soda kuwa narkar da nama take, tana buɗe wa kanta hanya tana ƙara gangarawa ciki.

12/
Kun san santsin nan da ake ji in ruwan soda ya taɓa yatsa? Wasu har cewa suke alamar soda mai kyau ce. A'a. Maiƙon fatarki ne ya fara komawa sabulu. Aikin da kike so ta yi wa man kaɗanya a bokiti, shi ta fara yi a jikinki.

13/
Wani mugun halinta kuma, ba kullum take zafi nan take ba. In ruwan bai yi kauri sosai ba, mutum zai iya ci gaba da aikinsa, sai can daga baya ya ji raɗaɗi, lokacin ta riga ta ci. Don haka ba a jiran zafi. Da kin ga ɗigo ya taɓa ki, ki nufi ruwa.

14/
Ido shi ne abin tsoro na farko ga mai haɗawa. Ɗigo ɗaya ya isa ya lalata gilashin ido cikin ɗan lokaci, ya bar farin tabon da ke tare gani har abada. Tabarau na gayu ko na karatu ba sa hana fantsama ta gefe da ta ƙasa. Na kariya ake nema, mai manne wa fuska ta ko'ina.

15/
Amma wanda ya fi shiga haɗari a gidan mai sabulu ba ita mai sabulun ba ce. Yaro ne ɗan shekara 2 ko 3, wanda bai shiga aji ba, bai san komai ba, ƙishirwa kawai ya ji. Ku tuna abin da na ce a baya: ruwan soda garau yake, ba launi ba wari.

16/
Yanzu ku haɗa wannan da ɗabi'armu ta adana komai a robar lemo da robar ruwa. Ko a kofi. Ko a bokiti irin na ɗiban ruwa, a ajiye kusa da randa. Ko a jarka kusa da buta. A zafin Afrilu yaro ya shigo a guje daga wasa, me kuke zato zai yi?

17/
Kurɓa ɗaya ta isa. Tana ƙona leɓe, harshe, maƙogwaro, da hanyar abinci da ke sauka zuwa ciki. In ta yi tsanani tana iya huda hanyar, ko maƙogwaro ya kumbura numfashi ya gagara. Wannan shi ne tashin hankalin ranar farko. Na biyu kuma yana zuwa ne lokacin da kowa ya saki jiki.

18/
Bayan kamar mako 3 zuwa sama, ciwon da ke ciki yana warkewa da tabo, tabon kuma yana tsuke hanyar abinci. Yaro ya fara kasa haɗiye tuwo, sai kunu. Daga nan kunu ma ya gagara. Wani har yawunsa ba ya wucewa. Ga abinci a gida, ga yunwa, yaro yana ramewa a gaban uwarsa.

19/
Maganinsa ba allura ɗaya ba ce. Ana sa yaro barci a zura abin buɗa hanyar, a sake, a kuma sakewa, wata da watanni. Wani sai an huda cikinsa an sa roba ana ɗura masa abinci ta nan. Wani sai an yanko hanjinsa an yi masa sabuwar hanya. Ku lissafa ribar sabulu nawa za ta biya wannan.

20/
Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Saliyo, inda mata da yawa suke haɗa sabulu a gida, asibitin ƙungiyar Emergency ta Italiya da ke Goderich kusa da Freetown sai da ya buɗe shiri na musamman saboda yaran da suka sha soda. Likitocin yara a Ghana da nan Najeriya ma sun daɗe suna rubutu a kan matsalar.

21/
Amurka ta taɓa shiga irin wannan hali, lokacin da ake ajiye soda a gidaje don sabulu da wanke-wanke. Wani likitan maƙogwaro a Filadelfiya, Chevalier Jackson, ya gaji da ganin yaran da ba sa iya haɗiya. Ya yi shekaru yana bin 'yan majalisa, har aka yi doka a 1927 ta tilasta rubuta gargaɗin guba a jikin mazubinta.

22/
A 1970 suka ƙara wata dokar ta murfin da yaro ba ya iya buɗewa. Mu kuwa yau, kusan shekara 100 bayan waccan ta farko, ana auna mana soda a farar leda a ƙulle baki, ba suna ba gargaɗi, a jefa cikin jaka ɗaya da sukari da gishirin cefane. Wannan ba talauci ba ne. Alƙalamin maka nawa yake?

23/
To me ya kamata ajin farko ya ƙunsa? Bari in jero, ku adana.

Shiga: tabarau na kariya, safar hannu ta roba mai tsawo, riga mai dogon hannu, takalmi rufaffe. A ɗaure mayafi ko hijabi ta baya kada ya yi lilo. A cire zobe da awarwaro, don ruwa yana maƙalewa a ƙarƙashinsu.

24/
Wuri: fili mai iska, ba ɗaki a rufe ba, ba kicin ba. Lokacin da soda take narkewa tana tayar da tururi mai shaƙe maƙogwaro, kada ki sunkuya a kansa. Kada ki auna a ƙarƙashin fanka ko cikin iskar hunturu, garin zai tashi ya shiga ido. Yara kuma a fitar da su gaba ɗaya. Goyo a sauke shi.

25/
Ƙa'idar da ba ta da sassauci: SODA AKE ZUBAWA A RUWA, BA A ZUBA RUWA A KAN SODA. Kaɗan-kaɗan, ana juyawa. Haɗuwarsu tana haifar da zafi har ruwan ya kusa tafasa ba tare da wuta ba. In kika kwara ruwa a kan tulin soda, zai iya tafasowa ya yi tsalle zuwa fuskarki. Kuma ruwan sanyi, ba na zafi ba.

26/
Mazubi: kada ki kusanci tukunyar dalma ko wani abu na alminiyam. Soda tana cin sa, kuma tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Bokitin kwano ma haka. Kwanukan da muke kira silba ba duka iri ɗaya ba ne, wani ƙarfe ne marar tsatsa, wani alminiyam. In ba ki tantance ba, bar shi.

27/
Roba mai kauri ita ce daidai. Juya gindinta, za ki ga lamba a cikin 'yar alama mai kusurwa uku. 5 ko 2 ake so. Robar lemo da ta ruwa lamba 1 ce, zafi yana lanƙwasa ta, soda tana cin ta a hankali har ta fara yoyo. Kwalba kuma zafin kwatsam yana iya fasa ta.

28/
Duk abin da ya shiga aikin sabulu ya bar kicin ke nan har abada. Bokiti, ludayi, kofin awo, a yi musu alama da jan fenti. Kuma sabulun da aka juya yanzun nan, mai kama da kunu ko kastad, har yanzu yana ƙuna. Da safa a hannu ake zuba shi a mazubi, da safa ake wanke kayan.

29/
Sai batun "a jiƙa soda ta kwana ta yi tsami" da ake koyarwa a azuzuwa da yawa. Soda ba gero ba ce, ba ta tsami. Narkewa take ta huce, shi ke nan, kuma kwana ba ya sa ta zama marar cutarwa. Abin da kwanan yake ƙarawa shi ne awanni masu yawa da bokitin guba yake zaune a gida kowa yana barci.

30/
In dole sai ta kwana, to a ɗaki mai makulli, a mazubi mai murfi, da rubutu babba: GUBA. Ki ƙara da zane, don ba kowa ke karatu ba, balle yaro. Ki sanar da kowa a gidan, har 'yar aiki da almajirin da ke muku aike. Ni dai shawarata, jiƙa iya wadda za ki ƙarar a ranar.

31/
Busasshiyar kuma tana zuƙar danshi daga iska, ta dunƙule ta fara narkewa, musamman da damina. Leda ba ta isa ba. A juye ta a roba mai murfin murɗawa, a rubuta suna, a ɗaga sama inda hannun yaro ba ya kai wa. Ban da firij. Ban da kantar kayan miya. Ban da ƙarƙashin gado.

32/
Yanzu ga inda kwastoma take shigowa: awo. Sabulu lissafi ne, ba "gwangwanin madara biyu" ba. Kowane mai da adadin sodar da yake iya cinyewa. Kilo 1 na man kaɗanya kimanin giram 128. Man zaitun kimanin 135. Manja kimanin 142. Man kwakwa kimanin 183. Kun ga tazarar?

33/
A ce an ba ki haɗi na man kwakwa, kika je kasuwa ya yi tsada, kika musanya da man kaɗanya kika bar sodar yadda take. A kowane kilo kin bar fiye da giram 50 na soda da ba ta sami man da za ta ci ba. Tana nan cikin sabulun, tana jiran fuskar wadda za ta saya.

34/
Shi ya sa masu sana'ar na gaske suke aunawa da sikeli mai nuna giram, su sake lissafi duk lokacin da suka canza mai. Sannan su rage sodar da kamar kashi 5 cikin 100, don a sami ragowar mai maimakon ragowar soda. Wanda bai koya miki wannan lissafin ba, haɗi ɗaya ya sayar miki, ba sana'a ba.

35/
Bayan an yanka, sabulun da aka haɗa ba dafawa yana buƙatar mako 4 zuwa 6 yana shan iska kafin a sayar. Ya bushe, ya yi ƙarfi, ya yi sauƙi a fata. Amma masu oda suna jira, biki ya matso, sai a naɗe shi a kwana 3 a tura. Kuma ko an jira, jira ba ya gyara sabulun da soda ta yi wa yawa.

36/
Ke mai saye, ga alamomi: sabulu yana marmashewa kamar alli, ko akwai fararen dunƙule a cikinsa, ko 'yan ramuka masu tsatso ruwa. In kika wanke fuska kika ji raɗaɗi, ta yi ja, ta fara saɓa, wannan ba "yana aiki" ba ne. Ƙuna ce. Kuma a baƙar fata ƙuna tana yawan barin baƙin tabo mai daɗewa.

37/
Ki je neman haske ki dawo da tabon da ya fi wanda kika je gogewa. Sai a ce miki fatarki ce take fitar da datti, ki ƙara haƙuri, ga wani mai ki haɗa da shi. Don Allah mu daina yarda da wannan zancen. Sabulun wanka ba shi da hurumin sa ki hawaye.

38/
Masu rilaksa, ku ma kuna ciki. Da yawa daga cikin mayukan miƙar da gashi wannan sinadarin ne a ciki, waɗanda aka rubuta babu shi kuma ɗan uwansa ne mai ƙarfi. Kada a wuce mintunan da ke jikin kwali, kada a sa a kan da aka sosa ko mai ƙuraje. "Daure ya kama sosai" ita ce hanyar ƙonewar fatar kai.

39/
Idan tsautsayi ya faru, ga abin yi.

FATA: in busasshiya ce, a fara kakkaɓe ta da tsumma, kada a goga da hannu. A cire tufafin da ya jiƙe. Sai ruwa mai gudana, a yi ta kwarara aƙalla minti 20, har santsin ya tafi. Ba makilin, ba manja, ba ƙwai, ba basilin. In wurin babba ne ko ya yi zurfi, asibiti.

40/
Wasu suna cewa a zuba khal ko lemun tsami don ya kashe sodar. A takarda kamar da hikima, a jiki kuwa ɓata lokaci ne. Haɗuwarsu tana ƙara zafi a kan fatar da ta riga ta ƙone. Ruwa ne magani, mai yawa, nan take. Shi ya sa ake cika babban bokiti a ajiye gefe KAFIN a buɗe leda.

41/
IDO: kowane daƙiƙa yana da tsada. A buɗe fatar idon da yatsa ko da mutum yana ihu, a karkata kai yadda ruwan ba zai gangara ɗaya idon ba, a yi ta zubawa aƙalla minti 30. Buta mai tsabta ta isa, ruwan leda ma ya isa. Kada a murza, kada a ɗiga nono ko zuma. Daga nan sai likitan ido, ko da zafin ya lafa.

42/
IN YARO YA SHA: kada a sa shi amai. Ba yatsa a maƙogwaro, ba ruwan gishiri. Abin da ya ƙona hanya yana sauka zai sake ƙona ta yana hawa. Kuma don girman Allah a bar manja. Ba ya kashe soda, yana jawo amai, yana iya sarƙewa ya shiga huhu. Gawayi ma ba ya aiki a kanta.

43/
A wanke masa baki da fuska da ruwa, kada a ɗura masa komai, a ɗauke shi zuwa babban asibiti nan take, tare da ledar ko robar abin da ya sha. Ba kemis ba. Kuma ko bakinsa ya yi kyau kada ku zauna, ana samun yaron da bakinsa lafiya amma can ciki ya ƙone.

44/
Likitoci sun fi son leƙa ciki da na'ura mai kyamara a kwana ɗaya ko biyun farko, don su san girman ɓarnar. Ku faɗa musu gaskiyar abin da ya sha da lokacin da ya sha. Tsoron faɗan maigida ko surutun dangi kada ya sa a ɓoye. Kuma in an sallame ku, ku koma duk ranar da aka ce.

45/
Na san za a ce ina son kashe wa mata kasuwa. Akasin haka ne. Abin da ke kashe kasuwa shi ne kwastoma ta ɗora hoton fuskarta a ƙone ta kira sunan shagonki. Mai auna kayanta da sikeli, mai jira sabulu ya nuna, mai rubuta abin da ke ciki, ita ce za ta daɗe ana saye a wajenta.

46/
Za a ce kayan kariya tsada. Tabarau da safa sau ɗaya ake saye a yi wata da watanni ana amfani. A kuɗin aji, da na turare, da na kwalin da ake buga suna, ba a ce tsada ba. Wadda jarinta bai kai na tabarau ba, jarinta bai kai na soda ba tukuna.

47/
Za a ce ƙaddara ce, abin da zai faru sai ya faru. Na yarda da ƙaddara. Amma da ita muke kulle ƙofa da dare, da ita muke rufe rijiya saboda yara. Wanda ya zuba ruwan soda a robar lemo ya ajiye a tsakar gida, ya bar rijiya a buɗe ne. Mu kira sakaci da sunansa.

48/
In gidanku ɗaki ɗaya ne da yara ƙanana, ba wurin kullewa, akwai mafita. Ana sayar da tushen sabulu wanda kamfani ya riga ya gama haɗawa. Narkarwa kawai za ki yi, ki sa ƙamshi da kayan gyaranki, ki zuba a mazubi. Ba ki taɓa soda ba, kuma sana'a kike yi. Ki fara da wannan.

49/
Kirana ga masu koyarwa: darasin farko ya zama na kariya, kuma ke ma ki sa tabarau a bidiyonki, don abin da suka gani za su kwaikwaya. Masu shirya taron tallafi: in za ku raba soda, ku raba ta da tabarau, safa da roba mai murfi. Masu shago: rubuta suna da GUBA a kowace leda.

50/
Hukumar NAFDAC ce doka ta ɗora wa sa ido kan sinadarai da kayan kwalliya a Najeriya, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a tilasta gargaɗi da Hausa a jikin duk sodar da ake sayarwa ƙanana-ƙanana. Amma ba sai mun jira doka ba kafin mu ɗauke robar lemo daga tsakar gida.

51/
Kafin ki tura kuɗin kowane aji, yi wa malamar tambaya uku. Wanne ake zubawa a kan wanne, soda ko ruwa? In na canza mai, yaya zan sake lissafi? In yaro ya sha, me zan yi? In ta amsa da manja, riƙe kuɗinki.

52/
Ku tura wa duk wadda kuka san tana haɗa sabulu, ko tana shirin farawa, ko tana zaune gida ɗaya da mai yi. Musamman lamba 39 zuwa 44, a ɗauki hotonsu a ajiye a waya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mana yaranmu 🤲🏾